Belbelar da Ta Ce Aikinta Addu'a Ne Kawai

Kakata, Iya Talatu, ba ta fara tatsuniya sai an kwashe tuwo an jiƙa tukunya. Wani ƙauye muke zaune kusa da Ɗanzomo, gidajen Kirista 'yan kaɗan ne a cikinsa, namu ne na ƙarshe kafin gonakin gero. Da sanyi takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta, mu da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi, har da yaran Fulanin da ke sauka bayan gari in an gama girbi. Ba ta tambayar ɗan waye kai. Wanda ya yi surutu dai ba shi da gyaɗa.

"Ku buɗe kunne, ga wata nan tafe," in ji ta. Mu ce, "Ta ƙaraso, muna ji."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta belbela. Wata shekara aka yi fari a daji, tafkuna suka ƙafe, saura ɗaya. Kura ta samu sarautar tafkin, ta kewaye shi da ƙaya, ta ce duk uwar da ke son ruwa sai ta bar mata ɗa. A dajin nan belbela ce ke ja wa dabbobi addu'a kowace safiya, da farar rigarta fes. Barewa ta same ta tana kuka, ta ce, "Ke kaɗai kura ke jin nauyi. Ki yi mata magana." Belbela ta ce, "Ni aikina addu'a ne. Harkar sarauta ta masu sarauta ce. Ki yi haƙuri, zan sa ki a addu'a." Da kura ta ji labari ta yi murna, ta ba belbela reshe mai inuwa a bakin tafki, ta ce ta sha ruwa iya son ranta.

Nan Iya takan miƙe wuya ta lumshe ido irin na belbela, mu kwashe da dariya, sai ta daka mana tsawa: "Dariya kuke? 'Ya'yan mutane fa ake ci!"

Dabbobi suka yi ta raguwa. Wata safiya belbela ta kira addu'a, babu wanda ya zo sai kura. Ta roƙa, kura ta ce amin. Ta ƙara roƙa, kura ta ce amin, ta miƙa hannu kan reshen. Iya ta tafa hannu sau ɗaya, ta ce, "Nan ta mutu, ita da tatsuniyar."

Na ce, "Iya, ai da ta yi magana da tun farko kura ta cinye ta."

Ta dube ni. "To da ta yi shirun, an bar ta ne, ɗan nan?"

Yau ni ne faston wata ƙaramar majami'a a Maigatari. Bara wani mai ƙarfi, na kusa da masu mulki, ya ja waya ya toshe burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya, ya ce gonarsa ce. Shanu suka rasa hanya suka faɗa gonakin talakawa. Rikici ya tashi, aka sari Ishaku, ɗan majami'armu, a kafaɗa, aka ƙone wa wani Bafulatani bukka. Shi wanda ya ja wayar ko ƙwarzane bai samu ba. Ni da Malam Sabo, limamin unguwarmu, muka je ofishin ƙaramar hukuma muka faɗi abin da muka gani. Ranar Lahadi kuma na maimaita shi a gaban jama'a, na ce wayar nan ce ta zubar da jinin.

Da yamma Baba Dauda, babban dattijon majami'a, ya zo gidana, ko tabarma bai hau ba.

"Fasto, mu nawa ne a garin nan? Wa'azi muka kawo ka ka yi. Ka bar siyasa ga masu ita."

Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, kai ka riƙe ƙafar Ishaku ana ɗinke shi. In na hau mumbari na yi wa'azin ƙaunar maƙwabci na tsallake kafaɗarsa, wa zai yarda da ni?"

Ba a yi sati ba sai ga ɗan aiken wani ɗan takara, abokin hamayyar su mai wayar nan. Ya ga rufinmu na yoyo, ya ce za su kawo kwano, in dai zan ambaci sunan maigidansa ranar Lahadi. Na raka shi bakin titi na ce ya gaida gida. Damina ta zo, muka jera bokitai muka yi sujada.

Na daɗe ina ɗauka Iya tsoron kura take koya mana. Sai da na girma na gane wanda take jin haushi shi ne mai farar riga, wanda mutane suka ba amanar bakinsu ya ce shi ba ruwansa. Ba zan ɗaga hannun ɗan takara a majami'a ba, ba zan gaya wa kowa inda zai dangwala yatsa ba. Amma in faɗin wanda ya toshe wa talaka hanya shi ne siyasa, to na shiga, kuma ba da kuskure ba.

Gidaje biyu sun daina zuwa sujada. An kai ƙarata wajen manyanmu, an kira ni, na je na faɗa musu abin da na faɗa wa Baba Dauda. Wayar tana nan, ba a cire ba. Ishaku ya warke, sai dai hannun ba ya ɗaga fartanya. Ranar Litinin ni da Malam Sabo za mu koma ofishin, Ishaku ya ce zai bi mu, a gaba zai zauna, ba zai sa riga ba, kowa ya ga tabon.