Ladaninmu da Ya Yi Kakakin Majalisa

Ni mabugi ne. Aikina in shimfiɗa riga a kan itace in buge ta har ta yi ƙyalli, kuma rumfata tana jikin masallacin layinmu a Limancin Kona. Abin da zan faɗa game da Malam Aƙilu da idona na gan shi.

Malam Aƙilu ɗinkin babbar riga yake yi, aikin hannu, kuma shi ne ladaninmu. Wurin mahaifinsa ya gaji ladancin. Shi ke share masallaci, shi ke cika butoci, in an yi rasuwa shi ke fara isa maƙabarta da diga. Tun ina koyon bugu ban taɓa ganin lokacin salla ya shiga ba a ji muryarsa ba.

Wata rana Suhail, ɗan ƙanwar matarsa da ke shirya wasan kwaikwayo na talabijin, ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Baba, fuskarka muke so. Ka yi kama da mutumin da za a ba amana."

Wasan a kan majalisar dokokin wata jiha ne wadda babu ita a duniya, kuma suna neman Kakakin majalisa, wani azzalumi mai suna Honarabul Mika'ilu. Malam Aƙilu ya ƙi. Suhail ya ce ai wa'azi ne, a nuna wa talaka yadda ake cutarsa. Da wannan ya shawo kansa.

Da farko kowa ya ji daɗi. Duk ranar wasan sai a cika shagon mai shayi, a ga ladaninmu a kan doguwar kujera yana buga guduma yana cewa, "Oda! Oda!" Alhaji Bahago, shugaban kwamitin masallaci, shi ya fi kowa dariya.

"Ranka ya daɗe Kakaki, yaushe za a zuba mana kwalta a layin nan?"

"Ka kawo ƙudiri a rubuce, Alhaji," in ji Malam Aƙilu, yana zura zare a allura.

Sai aka zo makon da aka zargi Honarabul Mika'ilu da cinye kuɗin asibiti. 'Yan majalisa suka ce ya rantse. Aka kawo gafaka, jakar fatar nan da ake sa Alƙur'ani a ciki, ya ɗora hannunsa na dama ya rantse bai ci ba. Ana gamawa aka nuno shi a ofis yana rabon kuɗin yana dariya. A unguwarmu ko gardamar gado ake yi, da an ce a ɗauko gafaka sai dattawa su shiga tsakani don kada a kai ga rantsuwa.

Washegari bayan Azahar, Alhaji Bahago ya tsayar da shi a gaban jama'a.

"Malam Aƙilu, da alwala ka taɓa shi ko babu?"

"Alhaji, katako ne a ciki. Ni na ce ba zan taɓa Littafin Allah a wasa ba, shi ya sa aka sa katako."

"To madalla. In Alƙur'ani ne, ka yi rantsuwar ƙarya. In katako ne, ka sa katako a mazaunin Alƙur'ani ka nuna wa duniya. Zaɓi wanda ya yi maka."

Aka ce ya huta da kiran salla har a bincika. Aka ba Umair, surukin Alhaji, lasifikar. Ba a taɓa binciken ba. Suhail ya yi alkawarin zai zo da gafakar da katakon ya yi wa kwamiti bayani, sai ya turo saƙon murya cewa aiki ya riƙe shi. Wani ya yanko bidiyon wurin rantsuwar kaɗai, ya bi wayoyin mutane har can unguwar Ƙofar Doka.

Ni na ga masu mulki na gaske sun zo masallacin nan lokacin zaɓe. Sun rantse da Alƙur'ani na gaske, kuma har yau kwatar layinmu a toshe take. Alhaji Bahago da kansa yake tashi ya ba su sahun gaba.

Malam Aƙilu bai daina zuwa ba. Ya ci gaba da shara da cika butoci, yana jiran a kira shi a ce ya koma. Da damina ta faɗi, hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, murya ta ɗauke. Matan da suka je duba shi suka gaida matarsa Asama'u, idonsu yana kan gado.

"Wane hannun ne, Hajiya?"

"Na dama."

"Allahu akbar. Wanda ya ɗora ke nan."

A gabanta suka faɗa, yana ji. Allura ta gagare shi, masu kawo ɗinki suka kwashe rigunansu. Muryar dai ta dawo, ita ce abin da ya rage masa.

A watan jiya Umair ya tafi kasuwa bai dawo ba, La'asar tana wucewa. Mutane sun yi alwala suna kallon juna. Malam Aƙilu ya jingina tsintsiya, ya ja ƙafa zuwa wurin lasifika, ya ɗauka da hannun hagu. Ya buɗe baki ke nan Alhaji Bahago ya miƙa hannu ya zare wayar lasifikar daga bango.

"Ranka ya daɗe Kakaki, majalisa ta tashi."

Wasu suka yi dariya. Aka sa wani baƙo da ya tsaya salla ya kira, har ya yi kuskure aka gyara masa. Malam Aƙilu ya yi salla a sahun baya, kusa da takalma. Da aka watse na gan shi a bakin famfo, ya danne buta da ƙafa yana cika ta da hannu ɗaya.