Abokin Sanda

Duk wanda ya taɓa tsinke silifa a bakin layin dogo na Agege ya san Sanda mai gyaran takalma. Mutum ne da za ka yi masa sallama ya amsa da ka, bakinsa cike da ƙananan ƙusoshi. Mutane na cewa girman kai ne. Ni dai na zauna gida ɗaya da shi, kuma na san ba wani girman kai, wanda yake hira da shi ne ya mutu.

Mu'az ke nan. Tare suka baro Ƙauran Namoda a bayan tirelar shanu suna samari. Mu'az ya zama mahauci, ran Lahadi kuma yakan yi dambe, Sanda na riƙe masa riga. Ciwon hanta ya mayar da shi gida, can aka binne shi. Waɗanda suka san shi a Agege suka watse ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babu mai ambatonsa. Wannan ne ke cin Sanda. So yake ko mutum ɗaya ya tambaye shi wane ne Mu'az.

Wata rana a kasuwar gwanjo ya tsinci ɗan mutum-mutumin roba, irin 'yan kokawar Turawan nan masu ƙirji kamar buhun masara. Ya jiƙa shi a ruwan zafi ya lanƙwasa masa ƙafafu, ya kankare gashin da reza, ya shafe shi da baƙin man takalmi. Ya ɗinka masa warki da guntun fata, ya rataya masa layu kamar ƙwayar wake, sannan ya naɗe masa hannun hagu da zare, don Mu'az bahago ne. Na ga ƙato da furfura yana hura wa 'yar roba iska don gam ya bushe, na yi dariya, daga baya kuma tausayi ya kama ni. Maƙwabta suka ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai gunki. Su ma suka daina shiga, kamar da can suna shiga.

Wata yarinya mai suna Bilkis ce ta fito da ɗan damben idon duniya. Haihuwar Legas ce, ɗaliba, ta kawo gyaran jaka ta hangi abin cikin akwatinsa.

"Kawu, wallahi wannan ya haɗu! Akwai taron masu tara irin waɗannan a Isolo, har fenti suke sake musu. Dole ka je."

Ta ce kowane aiki da sunansa a kati. Sanda ya ce ta rubuta Aboki.

"Kawu, ka san fa yadda suke faɗar kalmar nan a garin nan."

Ya sani mana. Kullum da ita ake kiransa a motar haya ta danfo, yadda ake kiran akuya ta matsa. Amma ya kafe. A ransa, duk wanda ya karanta zai ce abokin wa, shi kuma sai ya kwance bakin jaka. Ya sa shaddarsa ta sallah, na raka shi muka tafi.

Teburinsa ya fi na kowa cika. Samari masu riguna da hotunan jarumai suka yi dafifi, suna karanta katin suna shewa. "Aboki don vex!" in ji wani, wai Aboki ya fusata, sauran suka kwashe da dariya. Wani ya kwaikwayi yadda Bahaushe ke Turanci, wata ta ce saura a yi masa 'yar rediyo da buta. Ba mugunta suke nufi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sun ɗauka barkwanci ya zo yi, suna taya shi. Sanda na zaune yana murmushin yaƙe, ba wanda ya tambaye shi abokin wa.

Bilkis ta fizge katin, idonta ya yi ja.

"Kawu, faɗa min sunansa na gaskiya."

Sanda ya dubi ɗan damben. Shekaru ke nan bai furta sunan a fili ba. Sai da ya yi gyaran murya sannan ya ce, "Mu'az." Ta juya katin ta rubuta.

Daga nan dafifin ya baje. Mutane su zo, su duƙa su karanta, su ga ba abin dariya, su wuce teburin gaba. Bilkis ta ji kunya, ta ce ko a mayar da sunan farko, ko banza ana tsayawa.

"A'a, 'yata. Bar shi haka."

Ƙawayenta suka ja ta ɗaukar hoto. Sanda ya jawo kujerarsa kusa da teburin, ya sunkuya daidai kunnen ɗan damben, ya ce masa a hankali, "Ka gani ko? Mu biyu ne dai har yanzu."