Ranar da Iyatu Ta Kulle Ƙannenta

A unguwar Harra ta Gabas, a birnin Manzon Allah, aka haifi Iyatu. Kakanta ne ya zo hajji a ƙafa daga Damagaram, bai koma ba. Sana'arta girkin biki, kuma duk unguwar an san ba ta son dogon zance.

Da babban wansu ya rasu, sai aka rasa mai riƙe gonar dabinon gidansu da ke Ƙuba. Ƙannenta Zubair da Yahya da Habu, ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya riƙe. Duk Juma'a sai su taru a falonta, su cinye shinkafa da naman rago, su watse ba matsaya. Dabino kuwa yana ta zuba ƙasa.

Wata rana ta je karɓar maganin hawan jini wurin Ɗayyabu, wani Bazazzagi ma'aikacin kantin magani mai son karatun tarihi. Ta kwashe damuwarta ta gaya masa.

"Hajiya, ai ba a kanku aka fara ba," in ji shi. "Can da daɗewa wani Fafaroma ya mutu, manyan limaman coci suka taru a wani gari a Italiya, kusan shekara uku sun kasa zaɓen magaji. Da mutanen gari suka gaji sai suka kulle su, suka mai da abincinsu burodi da ruwa, har rufin ɗakin suka kware."

"Suka zaɓa?"

"Daga baya dai suka zaɓa."

Juma'ar da ta biyo baya, ana tsakiyar zafi, ƙannen suna zama ta ja ƙofa ta murza makulli. Ta miƙa musu gurasar tamis da ruwa ta taga. Rufin siminti ba ya kwaruwa, don haka ta kashe wutar na'urar sanyaya ɗaki daga waje.

"Yaya, la'asar fa?" in ji Zubair ta jikin ƙofa.

"Ga bayi nan, ga darduma. Ku zaɓi liman, in za ku iya."

Nan ma sai da ta ji suna gardama.

Kafin magariba suka ƙwanƙwasa, kowa ya jiƙe sharkaf da gumi. Sun zaɓi Saminu, autansu, direban bas, wanda a ranar yana Tabuk. Bai taɓa hawa dabino ba, amma ba ya faɗa da kowa, kuma ba ya nan balle ya ƙi. Da Ɗayyabu ya ji, ya yi dariya har da hawaye, ya ce limaman cocin ma wanda ba ya wurin suka zaɓa.

Saminu ya bugo waya yana roƙon a sake zaɓe. Iyatu ta ce ba komai, su hallara a falonta Juma'a mai zuwa. Yayyensa suka ce khalas, an gama, ba mai sake zuwa.

Haka Saminu ya ajiye tuƙi ya koyi barbarar dabino, wato sa wa macen bishiya furen namiji, wurin wani tsoho ɗan Sudan. Gonar ta farfaɗo. Sau biyu ya faɗo daga bishiya a shekarar farko, yanzu kuwa har surutu yake yi da dabinon.