Makin da Matar Yaya Ta Ƙara

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu kafin a rufe makarantar. Ta yi wata takwas a gida, sannan ƙanin mijinta, wanda kowa ke kira Auta, ya samo mata aiki a kamfaninsu. A can ma Malama ake ce mata, shi kaɗai ke kiranta Matar Yaya.

Kamfanin yana haɗa wani mataimaki na kwamfuta da ke amsa saƙonnin marasa lafiya a madadin ƙananan asibitoci. Kayan aiki ake ba shi, wannan na duba ranar ganin likita, wancan na sokewa, kowanne da ɗan bayanin da injiniyoyi ke rubuta masa: ga abin da yake yi, ga lokacin da za a ɗauko shi. Abin da aka rubuta kaɗai mataimakin ya sani. Aikin Malama shi ne ta karanta bayanan nan ta ba su maki cikin goma. Wanda bai kai bakwai ba sai ya koma hannun mai shi.

Teburinta yana can ƙuryar ɗaki, kusa da na'urar sanyi mai ɗiga cikin bokiti. Tana karatu leɓenta na motsi. Takan ce wa injiniyoyin, "Ku ɗauka baƙo kuka aika, mai biyayya, wanda ba ya tambaya. Abin da kuka bari a cikinku ba zai ji shi ba."

Wata Talata bayanin Auta ya zo gabanta, layi ɗaya tak: "Yana soke ganin likita. A ba shi lambar wayar majinyaci." Ta rubuta huɗu, ta yafuto shi.

"Auta, na wa zai soke?"

"Na mai lambar mana, Matar Yaya."

"Lambata mutum nawa ne a kanta a asibiti? Ni, da Hajiyarku, da yara biyu."

"To ke ai motar haya ce," ya ce yana dariya. Da ya ga ba ta taya shi ba, ya sunkuyo ya rage murya. "Duka yake sokewa, na sani. Wallahi mako mai zuwa zan gyara. Sau biyu aka dawo mini da aiki watan nan, Oga ya ce daga na uku sai ƙofa."

Ta dube shi. Shi ya yi ta yawo da takardunta ofis-ofis lokacin da kowa ke cewa malamar firamare ba za ta iya ba. Ga matarsa da tsohon ciki. Ta goge huɗu ta sa bakwai.

"In ba ka gyara ba, kunnen nan zan cire."

"Allah ya bar mana ke, uwar gidanmu!"

Sau biyu ta tuna masa, sau biyu ya ce gobe. Ran kwana na tara ƙorafi ya iso. Wata mata ta ce wa mataimakin ya soke mata ganin likitan haƙori. Ya soke, ya haɗa da aikin idon mahaifinta da ke kan lambarta, wanda suka yi wata uku suna jira. Tsohon ya zo tun da safe bai karya ba, kamar yadda likita ya umarta, ya tarar an ba wani gurbinsa.

Oga ya tara su a ɗakin taro.

"Wa ya rubuta wannan?"

Auta ya miƙe.

"Wa ya duba?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Oga ya yi ajiyar zuciya. "Malama ba injiniya ba ce, ba za ta san duka yake kwashewa ba. Kai kuma na ɗauka kuskure ne."

Auta ya kafe ta da ido. Shiru kawai ake nema daga gare ta, in ta yi shi sai kowa ya koma teburinsa. Amma tsohon nan take gani zaune a benci, da yunwa, yana jiran a kira sunansa.

"Na sani," ta ce. "Huɗu na fara ba shi."

Oga ya juya wajen Auta sannu a hankali. "Wato kai ma ka sani?"

Kafin azahar Auta ya kwashe kayansa cikin kwali, ya wuce teburinta bai waiwayo ba. Ita takardar gargaɗi aka ba ta, aka ce daga yau sai wani ya sake duba duk makin da ta bayar. Ta roƙi lambar 'yar tsohon don ta ba su haƙuri, aka ce doka ta hana.

Da yamma ta zayyana wa mijinta komai a tsaye, jakarta na kafaɗa. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Da ma ranar Talatar kika faɗe ta."

Ya nuna mata wayarsa.

"Hajiya ta kira ni sau uku, ban ɗauka ba. Ni ban san ta inda zan fara ba."

Ta ajiye jakar, ta gyara mayafinta.

"Bari in je wajenta da kaina," ta ce.