Makonnin da Ban Amsa Gaisuwar Anti Ba

Abin da na fara lura da shi ranar da na je gidan ƙungiyar shi ne babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Har na sunkuya zan cire nawa, sai na hango 'yan mata cike da falo, kowacce da takalminta a kan kafet. Na miƙe da sauri kamar wani abu na tsinta a ƙasa. A lokacin ina shekarar farko a jami'a a nan Greensboro ta Amurka, yarinya marar magana, wadda ta san kalar jakar kowa a aji amma ba ta san sunan kowa ba. Ni da mahaifina kaɗai muke zaune a High Point Road, mahaifiyata tana Katsina, takardunta ba su fito ba. Baba yakan fita aiki kamfanin kujeru kafin in tashi, in ya dawo gajiya ba ta barinsa hira. Sai in wuni ban buɗe baki ba, in ba a ɗakin cin abinci na makaranta ba.

A can akwai wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ke zuba wa ɗalibai abinci, ina ce mata Anti. Kowa in ya zo gabanta da Turanci take kiransa, mata ta ce musu mis, amma ni da ta hango ni a layi sai ta ɗaga murya ta ce ga ɗiyata nan. Ta tambayi lafiyar Alhaji, wato Baba, ta tambayi lakwal, wato makaranta a bakinsu na Nijar, ta yi mini tsiya wai Katsinawa ba mu iya fura ba. In akwai naman alade a wani abinci ba ta cewa komai, sai dai ta kawar da ludayinta daga kansa ta kalle ni. Wannan 'yar gaisuwar ita ce hirata ta yini.

Ƙungiyar irin ta 'yan matan jami'a ce, masu sa riga da haruffan Girka a ƙirji, suna kiran junansu 'yan'uwa. Na daɗe ina kallonsu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wannan ta gyara wa waccan gashi ba tare da ta tambaya ba. Abin da na je nema ke nan. Suka karɓe ni a matsayin sabuwar shiga, suka haɗa ni da wata babba a cikinsu da za ta zama yayata ta ƙungiya. Ita ce ta faɗa mana dokar makonnin gwaji: a harabar makaranta za mu riƙa tafiya a layi cikin baƙaƙen kaya, ido a gaba, ba magana da kowa in ba 'yar ƙungiya ba, kuma ba a faɗa wa kowa dalili. Wadda ta karya, an sallame ta. Sauran suka yi ta ƙorafi saboda samarinsu. Ni kuwa har daɗi na ji, na ce ai shiru sana'ata ce. Anti ba ta faɗo mini a rai ba sam.

Ranar farko da muka shiga cin abincin rana a layi, yayar tawa tana tsaye gefe tana kallonmu. Anti ta hango ni ta ce ga ɗiyata nan, yau kuma wa ya rasu kuka sa baƙi? Na kafa ido a kan farantina. Ta sake gaishe ni, ta ƙara murya, ta yi dariya ta ce ko Hausar ce ta zube mini a bas? Na ji amsar ta taso har maƙogwarona, na haɗiye ta. Na ga hannunta ya tsaya da ludayi a sama, na ga wata abokiyar aikinta ta juyo tana murmushi. Sannan ta zuba mini shinkafa, na wuce.

Washegari ta sake gwadawa a hankali. Bayan 'yan kwanaki ta daina. Da na zo gabanta sai ta ce mis, da muryar da take yi wa kowa. Amma ludayin bai daina kaucewa daga naman alade ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ina iya zuwa in yi mata bayani a wajen makaranta, babu mai gani. Kunya ta hana ni, kullum kuma sai ta ƙaru. Ran nan na hango ta a shagon kayan Afirka, na laɓe bayan buhunan shinkafa har ta fita.

Na ci gwajin. Aka sa mini rigar, aka rungume ni, aka yi hotuna. Ba mugaye ba ne, ina so a san wannan. Sai dai hirarsu ta wuce ta kaina, sunana ma sun gutsure shi don ya yi musu sauƙi. Ina zaune a tsakiyarsu da takalmina a ƙafa, ina jin kamar baƙuwar da ta yi kuskuren gida.

Da zangon karatu ya zo ƙarshe, na je na jira Anti da la'asar a ƙofar bayan kicin, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa komai daidai, babu ragi babu ƙari. Na yi mata bayanin dokar. Ta saurara tana ninke hular aikinta, sannan ta ce 'ya'yanta na cikinta da Turanci suke amsa mata, ta saba da wannan, amma shiru ba a taɓa ba ta ba. Ta ce abokan aikinta sun yi ta yi mata dariya, wai ta ɗauko ɗiyar da ba ta san ta ba. Ta ce a duk yinin aikinta da ni kaɗai take yin Hausa. Ni ban taɓa tunanin ita ma jiran layin nan take yi ba. Ko Baba ba ta faɗa wa abin da na yi mata ba.

Shi ya sa nake rubuto wannan ga ƙannena da ke shirin shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Kafin ku amsa, ku tambayi abin da za a ce ku ajiye, ku kuma tuna wanda abin zai taɓa, don ba ku kaɗai za ku ɗauki nauyinsa ba. Kaɗaici ya sa na je neman 'yan'uwa, na jefa wadda nake da ita cikin irin nasa. Mun shirya daga baya, amma tsiyar fura ba ta dawo ba.

A ranar da na jira Anti a bayan kicin, da bas ɗinta ta iso, ta ɗauki jakarta, na riƙe gefen mayafinta na roƙe ta abu ɗaya. Na ce gobe in na miƙo faranti, ko ba ta huce ba, kada ta ce mini mis. Na roƙe ta ta kira ni ɗiyata, da ƙarfi yadda na cikin kicin za su ji, ta ba ni dama in amsa.