Kakata ta gyara min lissafin jami'a

"Ba shida ba ne, uku ne."

Na ɗaga kai, sai na ga Hajiya ta ajiye allura tana leƙen littafina. Kakata ce, ba ta taɓa shiga aji ba, amma tun suna Gashuwa take ɗinkin hula, kafin su dawo Azare.

Ni kuwa ina aji uku a jami'a, ina karatun koyar da lissafi. Akwai kwas ɗin da na faɗi bara, har na fara tunanin barin fannin. Ranar ina bitar kwas ɗin, na zana wani fure mai ganye shida, ina ta faɗa a fili cewa sau shida zai juya ya koma kamanninsa.

Na ce, "Hajiya, wannan fa lissafin jami'a ne."

Ta ce, "Ko na Makka ne, 'yar nan. Kin sa ganye ɗaya dogo, na kusa da shi gajere. Juya takardar ki gani."

Na juya. Wallahi uku ne! Na yi ta dariya har da hawaye.

Sati biyu muka yi tana koya min da hulunanta. Na kai wa malaminmu guda, ya koyar da ajin gaba ɗaya da ita. Jiya sakamako ya fito, na ci, Alhamdulillahi. Hajiya ta ce rabin takardar shaidar nata ne.

Ku fa, wa ya koya muku abin da aji ya kasa?