Aljanin da Bai Iya Zaɓen Tsirkiya Ba

A Gurbin Bore na tashi, a ɗakin kakata Inna Delu. In an gama tuwo sai ta tura kara cikin wuta, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Mace ce da ba ta yarda da baƙo da wuri ba. Ko mai tallan nono ta shigo sai ta leƙa ƙwaryar sau biyu. Tatsuniyoyinta ma haka suke, kullum akwai wani da ya zo da fuskar da ba tasa ba.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai gyangyaɗi ya tashi ya ba ta wuri."

Wadda ta zauna mini ita ce ta wani mai molo da ya rasu ya bar matarsa. Ana nan sai ga saurayi kyakkyawa, ya ce shi yaron marigayi ne, ya zo karɓar molon ubangidansa. Ashe aljani ne. Da aka miƙa masa, ya kaɗa kamar ruwan Agusta a kan kwano, babu amon da bai fitar ba. Jama'a suka ce a ba shi. Matar marigayin ta ce, "Dakata. Kaɗa mini na ranar da ka binne uwarka." Aljani bai taɓa binne kowa ba. Sai ya zuba na biki da na makoki wuri ɗaya, nan aka gane shi, ya ɓace.

"To mi ya hana shi, Inna, tunda ya iya duka?" muka tambaya.

"Duka ɗin ne ya tona shi, 'yan banza. Bai san wanda zai bari ba. Ku tashi ku kwanta."

Ban san labarina take ba ni ba. Na auri mai molo a Ƙaura Namoda, Allah ya jiƙansa, har yau in na ambace shi sai idona ya kawo ruwa. Da shari'a ta zo Zamfara, kiɗa ya koma abin raɗa. Mai gidana ya naɗe molonsa cikin tsohon zane ya tura ƙarƙashin dawa a rumbu, bai sake taɓa shi ba har ya bar duniya.

Bayan na fita takaba wani mutum ya yi sallama a zaure, da jita a cikin buhu. Ya ce sunansa Bala, daga Shinkafi, wai marigayi ne ya fara koya masa kafin ya tafi Maraɗi ya koma jita. Molon yake roƙo.

Lokacin ba ka san mai tambaya don Allah da mai tambaya don ya kai rahoto ba. In na ce akwai, ina iya jawo wa gidan magana. In na ce babu, gara ta cinye abin da mijina ya fi so.

"Ɗan nan, ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba."

"Inna, ai shi ba ya kiran suna. Mai Kunnen Ƙashi yake ce mini."

Wannan ya yi kama da shi, amma maƙaryaci ma yana tsintar irin haka a kasuwa. Na ce ya rufe ƙyaure ya kaɗa mini na ranar da ya ji rasuwar.

Bai yi gaggawa ba. Ya ciro jitar, ya sassauta tsirkiya ɗaya, ya bar kaɗe-kaɗe masu zaƙi gaba ɗaya. Amo kaɗan ya ɗauka, yana zagaya su a hankali, yana barin shiru a tsakani. Sai ya danna tsirkiya ɗaya ya ja ta gefe, ta tsaya tsakanin amo biyu tana kuka. Haka mai gidana yake yi in ya dawo daga jana'iza. Na rufe fuska da mayafi, na tashi na nufi rumbu.

Bala bai sake dawowa ba. Ƙanen mijina ya ce an yaudare ni, wataƙila Bala ya sayar da molon. Wani dare nakan yarda da shi, don jinin Inna Delu ne a jikina. Ban san ko Bala yaron marigayi ne da gaske ba. Abin da na sani, wanda ya ja tsirkiyar nan ya taɓa binne wani nasa. A hannunsa na bar molon, kuma ban nemi ya dawo da shi ba.